Yaro ya wuce shekara biyu bai buɗe baki ba: a yanke linzami ko a jira?

Tambaya daga wata uwa a Garwa, arewacin Kamaru: "Assalamu alaikum. Ɗana na fari yana da shekara biyu da wata huɗu, amma kalmomin da yake faɗa ba su wuce bakwai ba. In yana son abu sai ya ja hannuna ya nuna. Kunnensa na dama yakan yi ruwa, ya tsaya, ya sake dawowa. A gida Hausa muke yi, yaran unguwa Fillanci, babansa kuma yakan yi masa Faransanci. Kakarsa ta ce linzami ne, a kai shi wurin wanzami. Maƙwabta sun ce yaruka ne suka yi masa yawa, wasu kuma sun ce ai namiji ne, a ƙyale shi zai yi. Wanne zan bi?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya mana shi. Cikin shawarwari ukun da aka ba ki babu wadda zan ce ki ɗauka. Abin da ya fi nauyi a saƙonki shi ne wanda kika ratsa da shi a tsakiya, wato ruwan kunnen nan. Da kunne yaro yake koyon magana, baki daga baya yake biyowa, don haka kunne za a fara dubawa kafin kowa ya taɓa masa harshe.

Amma bari mu auna inda yake tukuna. Yawancin yara kan fara gwaranci irin na "ba-ba-ba" da "da-da-da" tsakanin wata 6 da wata 10, kalmar farko kuma ta fito wajen shekara ɗaya. Ma'aunin da masu aikin gyaran magana suka fi riƙewa shi ne na wata 24: yaro ya kai kalma 50, ya kuma fara haɗa biyu, kamar "Mama zo", "ba ruwa", "mota tafi". Wanda ya cika shekara biyu bai kai nan ba, ana sa shi cikin masu jinkirin magana. Naki yana wata 28 da kalma bakwai, ke nan damuwarki tana kan hanya. Sai dai iyaye da yawa kan rage wa yaro lissafi. Ki liƙa takarda a bango, mako guda duk wanda ya ji ya faɗi wani abu ya rubuta. Kalma ita ce duk sautin da yake yi don kansa, ba sai an ce "ce kaza" ba, kuma kullum abu ɗaya yake nufi da shi. "Luwa" a madadin ruwa kalma ce, "mee" in ya ga akuya kalma ce, "bib" in mota ta wuce ita ma haka. In ya ce "kosam" da Fillanci, ya ce "zo" da Hausa, ya ce "papa" da Faransanci, duka ukun a rubuta.

A gefen takardar ki buɗe layi na biyu, na abin da yake fahimta. In an ce "ɗauko takalminka" ba tare da an nuna da hannu ko da ido ba, yana zuwa ya ɗauko? In an ce "ina hancinka", yana taɓawa? Wannan layin ya fi na farko amfani ga likita. Yaron da yake fahimta sosai, yana nuni da yatsa, yana kwaikwayon shara da girki da sallah, shi ne wanda aka fi sa ran zai kamo tsaransa. Wanda fahimtar ma ta yi baya, nasa ya fi buƙatar hanzari.

To, kunnen. Ruwan da yake zuwa yana ɗaukewa yawanci alama ce ta cewa fatar dodon kunne ta huje, mugunya tana fitowa ta hujin duk lokacin da mura ta kama shi ko ruwa ya shiga. A ƙa'idar kula da yara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, kunnen da ya kai kwana 14 yana ruwa an ɗauke shi a matsayin ciwon da ya zauna, kuma maganinsa hawa biyu ne. Na farko busar da kunnen sau uku a rana: a naɗe ƙyalle mai tsabta mai shan ruwa ko takarda mai laushi ta yi tsini, a sa a bakin kunnen, in ta jiƙe a cire a sa wata, har sai ta fito a bushe. Na biyu maganin ɗigawa da likita zai rubuta, galibi siprofuloksasin, na mako biyu. Inda ake kuskure shi ne a ɗiga magani a kan mugunya ba a busar ba, maganin ya tsaya a waje bai isa inda ciwon yake ba, sai a ce bai yi aiki ba. Kada a sayi maganin ɗigawa a teburin kasuwa, domin wasu suna ɗauke da jantamisin ko neyomisin, waɗanda kan iya illata can cikin kunne idan fatar a huje take. Haka man ja, ruwan albasa, nonon uwa, turare, da sakace da gashin kaza ko tsinken ashana, duk a bar su. Lokacin wanka a toshe bakin kunnen da auduga da aka shafa wa baselin, kuma kada manyan yara su tafi da shi wanka a kogin Binuwai sai likita ya ce hujin ya rufe.

Kunnen hagu ma da kike ganin lafiyarsa lau yana buƙatar dubawa. Akwai ruwa mai kauri da kan taru a bayan dodon kunne bayan mura, ba zafi, ba zazzaɓi, ba abin da ke fitowa waje. A lokacin hunturu da ƙura, da yara ke fita daga wannan mura su faɗa waccan, abin ya fi yawa. Yakan rage ji da kimanin desibel 20 zuwa 30, kwatankwacin ki toshe kunnuwanki da yatsu ana yi miki hira: kina jin ana magana, amma rabin kalmomin sun narke. Sautuka marasa ƙarfi irin su s, f, sh da ts ne suke fara ɓacewa, tare da ƙananan kalmomi irin su "ya", "ta", "na", "su" da jimla take tsayawa a kansu. Shi ya sa maganar "ai yana ji, in an buga ƙofa yana juyowa" ba ta isa hujja ba. Ƙarar ƙofa da ta babur ko mai raunin ji yana jin su, wani lokaci ma girgizar ƙasa ko inuwar mai bugawar ce ta sa ya waiwaya.

Ga gwajin da ya fi wannan a gida. A wuri shiru, ki jera abubuwa huɗu da kika tabbata ya san sunansu, misali kofi, cokali, takalmi da ƙwallo. Ki zauna kamar taku ɗaya ko biyu daga gare shi, ki kare bakinki da faifai don kada ya karanta leɓɓanki, ki ce "ina cokali?" da muryar hira. In ya nuna, ki canza wa kayan wuri ki sake tambaya da murya ƙasa-ƙasa. Yaron da yake cin gwajin da babbar murya yana faɗuwa da ƙarama, ko wanda yake leƙo fuskarki ta gefen faifan, ya ba ki amsa. Amma ko ya ci duka, da wannan ruwan kunnen sai an je asibiti.

A babban asibitin yanki ki nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wanda ake rubuta ORL a ƙofarsa. Zai leƙa da fitila ya ga fatar. Akwai gwajin timpanometri mai nuna ko ruwa ya taru a baya, da wani na 'yan mintoci da ake sa ɗan abu a kunne a ji ko can ciki yana amsa sauti, sai kuma wanda ake kira PEA, da ake yi yaro yana barci, a manna wayoyi a kansa a ga ko sauti yana isa ƙwaƙwalwa. Daga wajen shekara biyu da rabi zuwa uku ana iya gwada shi ta hanyar wasa, ya jefa abu a kwano duk lokacin da ya ji ƙara. In babu na'urar a inda kika je, ki roƙi takardar turawa zuwa inda take, kada ki koma gida da "ba komai" na baki kawai. Ki tafi da katin rigakafinsa da takardar kalmomin nan, kuma ki faɗa wa likita in ya taɓa yin ɗaya daga cikin waɗannan: shawara mai tsanani yana jariri, haihuwa kafin lokaci, ƙyanda, hangum, zazzaɓin cizon sauro da ya kai ga suma ko jijjiga, doguwar jinya da allurai, ko sanƙarau. In akwai kurma a dangi, ko ku da babansa auren zumunci ne, shi ma a faɗa, ba abin kunya ba ne. Sanƙarau yana da muhimmanci na musamman a wajenmu, domin arewacin Kamaru da Chadi suna cikin zirin da cutar ta fi addaba, daga Senegal har Habasha, kuma kusan ɗaya cikin goma na yaran da suka tashi daga irin mai tsanani kan rasa wani ɓangare na jinsu. Duk yaron da ya warke daga ita a auna kunnensa cikin watan farko, domin can cikin kunnen kan iya ƙanƙarewa ya zama ƙashi, daga nan gyara ya yi wuya.

Maganar Kaka kuwa, a ba ta girmanta, amma a duba da ido. Ki shafa ɗan zuma a leɓensa na sama da na ƙasa ki ga ko zai lashe. In harshen yana fitowa ya wuce leɓen ƙasa, yana kuma ɗagawa sama, babu linzamin da ya riƙe shi. Linzami na gaske yakan sa kan harshe ya lotsa tsakiya in an miƙo shi, kuma yawanci tun a shan nono ake gane shi, jariri ya kasa kama mama da kyau, uwa ta yi ta fama da ciwon kan nono. Ko da akwai shi, iyakar ɓarnarsa ita ce ya dagula furta wasu sautuka. Ba ya hana yaro tara kalmomi, tunda "Mama" da "Baba" ba sa ma buƙatar ɗaga harshe. Yanka a wurin wanzami kuma yana iya jawo zubar jini mai wuyar tsayawa, saboda jijiyoyin da ke ƙarƙashin harshe, ga tetanos mai sandarar da jiki da ciwon hanta in aska ɗaya ta zaga yara, ga tabon da kan ɗaure harshen fiye da da. Cire beli ma haka, ba ya buɗe baki. Hasali ma akwai yaran da ganɗarsu take da ɓoyayyiyar tsaga, ana gane su da beli mai reshe biyu ko nono yana fitowa ta hanci suna jarirai, kuma taɓa musu wurin na iya ƙara sa magana ta riƙa fita ta hanci. Hanya mafi sauƙi da Kaka ita ce a tafi da ita asibitin, likita ya buɗe bakin a gabanta.

Yawan yaruka ba ya jinkirta magana. Dubi yaran Marwa, Kuseri da Injamena, da suke tashi da Hausa, Fillanci, Larabcin Shuwa, Barbarci da Faransanci a kunne ɗaya, kuma bakinsu yana buɗewa a kan lokaci. Cakuɗa yaruka a jimla ɗaya ma ba ruɗewa ba ce, abin da yake ji manya suna yi ne. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne shawarar da wasu ke bayarwa cewa a daina Hausa a koma Faransanci zalla don a shirya shi shiga matanel, wato makarantar ƙananan yara kafin firamare. Uwar da aka raba da harshen da take wasa da raha da shi, maganarta takan ragu ta koma umarni kawai, yaron kuma ya yi asarar abin da ya fi buƙata. Kowa ya yi masa harshen da ya fi sakewa a ciki. Batun namiji kuwa, gaskiya ne maza kan ɗan yi baya kaɗan, amma tazarar ba ta kai ta bayyana kalma bakwai a wata 28 ba, kuma ma'aunin kalma 50 na maza da mata ne.

Yanzu aikin gida, wanda za a fara yau ba sai an jira sakamakon asibiti ba. Masu gyaran magana, waɗanda a asibiti ake kira ortofonis, ba su da yawa a arewa, akasarinsu suna Yawunde da Duwala. Ko kin samu ɗaya, a wannan shekarun mafi yawan aikinsa koya miki ne, domin ke kike tare da yaron kullum.

Ki ware minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a rana, a kashe rediyo da talabijin. Ki zauna a tabarma fuskarki daidai da tasa. Goyo yana da daɗi, amma yaron da ke baya ba ya ganin baki, don haka a riƙa sauke shi ana fuskantarsa. Kada ki zaɓa masa wasa, ki bi abin da hankalinsa yake kai. In murfin tukunya yake bugawa, maganar murfi za a yi: "Murfi. Buga! Buga murfi. Ya faɗi!" Gajerun jimloli, a hankali, da murya mai hawa da sauka. Ƙa'idar ita ce ki fi shi da kalma ɗaya tak. Yana kan kalma ɗaiɗai, ke ki yi bibbiyu. In ya ce "mota", ki ce "mota babba" ko "mota ta tafi". In ya ce "luwa", kada ki ce "ba haka ake faɗa ba", ki ce "ruwa, ga ruwa" ki miƙa masa. Ya ji daidai ba tare da an kunyata shi ba.

Abin da ya fi yi wa manya wuya shi ne jira. Bayan kin yi magana, ki yi shiru ki ƙirga biyar zuwa goma a zuci, kina kallonsa da fuskar mai sauraro. Yara masu jinkiri suna buƙatar wannan tazarar kafin su haɗo abin da za su ce, mu kuwa mukan cike ta da wata maganar. A gidan da yara suka yi yawa akwai ƙarin matsala: kafin ya buɗe baki wata yarinya ta riga ta ce "ruwa yake so" ta kawo. A ja kunnensu su ba shi dama.

Sannan a ƙirƙira masa dalilin magana. Maimakon a miƙa masa koko kai tsaye, ki riƙe kofi biyu ki ce "koko ko madara?" Ki ba shi ƙosai ɗan gutsure, ki jira ya nemi ƙari. Ki sa abin wasansa a roba mai murfin da ba zai iya buɗewa ba, in ya kawo miki ki ce "buɗe?" ki jira, sannan ki buɗe kina cewa "buɗe!" Amma fa a kula, ba a hana yaro abinci ko ruwa don sai ya faɗa. In ya nuna da yatsa, ko ya yi wani sauti, ko ya dube ki, an karɓa, ki faɗi kalmar ki ba shi. Matsa masa da "ce Baba, ce Baba" a gaban baƙi yakan sa ya ƙara kulle bakinsa. Tambayoyin jarrabawa irin "mene ne wannan?" su ma a rage, a fi yawaita gaya masa sunan abin.

Ki zaɓi kalma goma na mako biyu, ki sanar da duk gidan. Kada su zama sunaye zalla, domin da sunaye kaɗai ba a haɗa jimla. A sa irin su zo, ba ni, ƙara, buɗe, tafi, zauna, babu, zafi, tare da sunayen abubuwa biyu ko uku da yake so. Kowace kalma ta fito sau da yawa a inda take da ma'ana: "zauna" lokacin cin tuwo, lokacin sa takalmi, lokacin da 'yar tsana za ta zauna. Wanka, shafa mai da sa riga sun fi kowane darasi, saboda kullum ana yin su da tsari ɗaya. Waƙoƙin reno da na dandali ma haka: ki rera wadda ya saba ji, ki tsaya kafin kalmar ƙarshe ki ga ko zai cike. Littafi in akwai, ba sai an karanta rubutun ba, a nuna hoto a yi hira. In babu, hotunan 'yan'uwa ko kwalin shayi sun wadatar.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba, kuma kin ce ɗan fari ne. A al'adarmu, da ta maƙwabtanmu Fulani, uwa takan yi kara da ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban surukai. Ba na cewa a yar da kunya. Amma yaro yana buƙatar babban mutum da zai zauna da shi fuska da fuska kowace rana. In ba za ki iya a tsakar gida ba, ki yi a ɗaki. In Kaka ce ko gwaggo take riƙe da shi, a koya mata waɗannan dabarun, ita ma ta samu abin da za ta yi masa a madadin zuwa wurin wanzami. Barin sa a hannun 'yar reno mai shekara shida yini guda ba zai wadatar ba.

Waya kuma a janye ta. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allo, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Ga mai jinkiri gara a yi ƙasa da haka sosai. Katun ba ya jira yaro ya amsa, ba ya kuma gyara maganarsa daidai da abin da yaron yake kallo. A duba cin abincinsa ma, domin tamowa da ƙarancin jini suna rage kuzarin koyo. A asibitin unguwa za a auna damtsensa da tef, ƙasa da santimita 12.5 yana buƙatar kulawa.

Yadda kika ce yana jan hannunki yana nunawa alama ce mai kyau, amma ki lura da irin nunin. Yana nuna jirgi ko kyanwa don kawai ke ma ki gani, yana waiwayowa ya dubi fuskarki? Ko kuwa hannunki yake ɗauka ya ɗora a kan abu ba tare da ya kalle ki ba? In na biyun ne, kuma ba ya amsa sunansa, ba ya kula yara, yana jera kaya ko juya tayar mota na dogon lokaci, ki faɗa wa likitan yara a duba shi game da otizim, wanda wasu ke kira galahanga. Haka in ya taɓa faɗar wasu kalmomi ya daina, ko yana shaƙewa da abinci, ko yawu yana zuba sosai, ko tafiyarsa ma ta yi jinkiri, waɗannan ba a jira da su.

Idan kalmomi suka fara zuwa, kada ki damu da tsamin baki tukuna. A shekara biyu baƙo yakan gane kusan rabin maganar yaro, a uku kashi uku cikin huɗu, a huɗu kusan duka. Cewa "tura" a madadin kura ko "tashi" a madadin kashi abu ne da aka saba ji har wajen shekara uku da rabi, r da ts kuwa sukan kai biyar ko fiye kafin su zauna. In'ina ma takan leƙo tsakanin shekara biyu da biyar, yawanci ta wuce da kanta. A saurare shi har ya gama, kada a ce "yi a hankali", kada a bari a kwaikwaye shi. In ta haura wata shida, ko yana yamutsa fuska yana kokawa da kalma, a nemi ortofonis.

Ki sa wa kanki wa'adin wata uku daga ranar da kika fara, kina sabunta takardar bango kowane mako biyu. Abin da ake so a gani shi ne sababbin kalmomi suna ƙaruwa kusan kowane mako, ya doshi 50, ya fara haɗa biyu. In kunne ya bushe, gwaji ya nuna yana ji, amma lissafin bai motsa ba, ki koma wurin likitan yara ki nemi a tura ku wurin ortofonis, ko da tafiya ɗaya ce a auna shi a tsara muku aikin da za ku ci gaba da shi a gida, ana bibiya ta waya. In kuwa gwaji ya nuna raunin ji mai ɗorewa, a nemi na'urar ƙara ji da wuri, wadda aka saita daidai da sakamakon gwajinsa, ba ta kasuwa ba, ya riƙa sa ta duk lokacin da yake farke, a kuma sauya abin da ke shiga kunnen yayin da yake girma. Tare da ita a fara maganar hannu a gidan gaba ɗaya, ana yi ana faɗar kalmar da baki. Maganar hannu ba ta hana ta baki fitowa, kuma da ita zai samu hanyar faɗar abin da yake so tun kafin ya isa shiga makaranta.